YUNGAS, ƘASAR GANYEN DA AKA ƁATA WA SUNA

A 'yan shekarun nan akwai wata kalma da ta zauna mana a kunne, da wuya a yi mako guda ba a ji ta a rediyo ba, watau koken. In jami'an duwan ko 'yan sanda suka yi kamu a filin jirgi ko a kan hanyar arewa, sai ka ji mai karanta labarai ya ce an kama hodar iblis, domin shi ne sunan da Bahaushe ya raɗa mata. Hoda dai daga Turanci muka aro ta, Iblis kuwa daga Larabci, ka ga ke nan Bahaushe ya haɗa aro biyu ya yanke wa abin hukunci a cikin suna guda. To, ita kalmar koken ɗin fa, daga ina ta fito? Hausawa sun ce suna linzami. In muka kama wannan linzami muka bi, zai ja mu har ƙetaren tekun Atilantika, zuwa wasu kwaruruka na ƙasar Bolibiya da ake kira Yungas. A can za mu tarar da wani ganye wanda matsayinsa a wurin mutanensa ya yi kama ƙwarai da matsayin goro a wurinmu.

Hanyar zuwa

In ka buɗe taswirar duniya ka dubi Amurka ta Kudu, za ka ga jerin duwatsu sun bi gefenta na yamma tun daga arewa har kudu, kamar ƙashin baya. Su ne duwatsun Andes. Bolibiya tana tsakiyar wannan jeri, kuma ba ta da gaɓar teku, kamar dai Nijar da Chadi. Da tana da ita, amma ta rasa ta a yaƙin da ta yi da ƙasar Chile, wanda aka soma a shekara ta 1879. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya, watau kaɗan ta gaza Nijar.

Matafiyi yakan sauka ne a La Paz, inda gwamnati ke zaune, ko da yake bisa tsarin mulki Sucre ce babban birnin ƙasa. La Paz tana cikin wani ƙaton kwari mai kama da ƙwarya, gidajen jan bulo sun hau gefensa ko'ina kamar tururuwa a jikin tulu. Tsakiyar garin tana kimanin mita 3,600 sama da teku, filin jirgin kuwa, wanda ke El Alto a bakin ƙwaryar, ya haura mita 4,000. Don mai karatu ya gane wannan tsawo, sai ya tuna duwatsun Bagzan na ƙasar Abzin, waɗanda suka fi kowane wuri tudu a Nijar, mita 2,000 da 'yan kai ne kawai. Saboda haka iska ba ta da kauri a can. Baƙo yana sauka sai ya ji kai na sara, numfashi na yankewa, hawa matakala goma ya zama aiki. Mutanen ƙasar suna kiran wannan ciwo soroche, kuma abin da suke fara miƙa wa baƙo saboda shi shi ne kofin ruwan zafi da 'yan ganyaye suna yawo a ciki. Shayin koka ke nan, kuma a can ba abin ɓoyo ba ne, kamar yadda mu nan muke tarbar baƙo da ruwan sanyi.

Daga La Paz in za ka Yungas sai ka ƙara hawa tukuna, har ka kai wata mashiga da ake kira La Cumbre, wadda ta kusa mita 4,700. Nan babu itace, sai duwatsu da ƙanƙara da wata dabbar kiwo mai dogon wuya da ake kira lama, 'yar dangin raƙumi ce amma ba ta da tozo. Daga nan hanya ta kama gangara. Cikin sa'o'i kaɗan a mota sai ka sauko wajen mita 3,000, ka tuɓe rigar sanyi, ka shiga hazo da kurmi da ƙoramu masu zubowa daga saman dutse, har ka isa garin Coroico inda ayaba da lemo da gahawa ke tsiro.

Tsohuwar hanyar da ake bi a da ta yi suna a duniya, har ana kiranta Hanyar Mutuwa. An sare ta ne a jikin dutse cikin shekarun 1930, kuma cikin waɗanda suka yi aikin har da fursunonin yaƙi na ƙasar Paraguay. A wasu wurare faɗinta bai wuce na mota guda ba, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami mai zurfin ɗaruruwan mita. A duk ƙasar ana tuƙi a hannun dama, amma a wannan hanya sai a hannun hagu, domin direba mai gangarowa ya riƙa ganin tayarsa ta bakin rami. An buɗe sabuwar hanya mai kwalta a shekara ta 2006, tsohuwar kuwa ta zama ta 'yan yawon buɗe ido masu hawan keke. Amma shekara da shekaru ta wannan siririyar hanya ce manyan motoci suka riƙa hauro da buhunan ganye zuwa kasuwar La Paz.

Ganyen da gonarsa

Kalmar Yungas daga harsunan mutanen ƙasar ta fito, watau Keciwa da Aimara, kuma ma'anarta kwari mai ɗumi. Babu fili shimfiɗaɗɗe a wurin, don haka manoma suke sassaƙa gefen tudu su yi kunya bisa kunya kamar matakala, su dasa koka a jere. In ka hango daga nesa sai ka ga kamar an yi wa dutsen kitso.

Ita koka ƙaramar itaciya ce, in an bar ta takan kai tsawon mutum, amma a gona ba a barinta ta yi nisa. Ganyenta ya yi kusa da girman na lemun tsami, sai dai ya fi shi laushi, kuma a bayansa akwai wasu siraran layuka biyu da suka bi gefen jijiyar tsakiya. Tana yin farin fure ƙanana da jajayen 'ya'ya. Ana cirar ganyen sau uku ko huɗu a shekara, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yawanci mata ne ke yi. Wannan ne ya sa talaka ke ƙaunarta, domin gahawa ko lemo sau ɗaya suke ba ka kuɗi a shekara, ita kuwa kowane wata uku ko huɗu tana sa maka wani abu a aljihu, kuma busasshen ganye ba ya ruɓewa a hanya.

Bayan cira sai shanya. Gidan manomi yana da farfajiya da aka shimfiɗe da faffaɗan dutse baƙi mai riƙe zafi. A nan ake baza ganye da safe, kuma idon kowa na sama, domin in ruwa ya taɓa shi sai ya yi baƙi, farashinsa ya faɗi. In ya bushe yana kore shar, sai a danna shi cikin buhu mai nauyin laba 50, watau wajen kilo 23, a nufi kasuwar Villa Fátima a La Paz. Wannan kasuwa gini ne mai hawa-hawa, kowane yanki na Yungas da ɗakinsa. Dillali zai cusa hannu cikin buhu, ya duba launi, ya shinshina, ya ɗanɗana, sa'an nan a shiga ciniki. Duk wanda ya taɓa shiga rumfar 'yan goro ya ga yadda ake buɗe huhu ana zaɓe, to ya ga irin abin da ke gudana a nan.

Yadda ake amfani da shi kuwa, ba tauna shi ake yi a haɗiye ba. Mutum zai zauna, ya ciro ganye ɗai-ɗai daga wata 'yar jaka saƙaƙƙiya da ake kira cuspa, ya cire tsinken, ya tara su a kunci har su yi dunƙule. Sai ya gutsuri ɗan curin toka ya haɗa, kamar yadda masu cin taba a nan ke haɗa ta da kanwa. Tokar ce ke fito da ƙarfin ganyen. Bayan ɗan lokaci kunci ya yi ɗan sanyi kamar ya mutu, yunwa da gajiya su lafa, mutum ya tashi ya kama aiki. Manomi da mai haƙar ma'adini da direban dare duk da shi suke aiki. A da har nisan tafiya da shi ake aunawa: tsawon abin da ɗan dako zai tafi kafin dunƙule guda ya salance, wajen minti 40, shi ne kokada ɗaya, kamar yadda fatake ke ƙirga tafiya da zango.

Amma darajarsa ta wuce ta aiki. In za a nemi aure, da koka ake zuwa gidan iyayen yarinya, in sun karɓa magana ta karɓu. In an yi rasuwa, ita ake rabawa a zaman makoki. In za a yi gayya ko taron gari ko sulhu tsakanin mutum biyu, sai an shimfiɗa zane an zuba ganye kowa ya ɗiba kafin a buɗe baki. Masu addinin gargajiya suna miƙa ta ga abin bautarsu, bokayensu kuma suna duba da ita. Wane Bahaushe ne zai ji wannan bai tuna goron tambaya da goron ɗaurin aure da goron suna ba? Al'adar kuwa tsohuwa ce ainun. Masu tonon kayan tarihi sun samu ragowar ganyen tare da farar ƙasar da ake haɗa shi da ita a kwarin Nanchoc na arewacin Peru, kuma sun ƙiyasta shekarunsu wajen 8,000.

Sunan ganyen a Keciwa da Aimara shi ne kuka. Mutanen Sifen da suka ci ƙasar da yaƙi a shekarun 1530 su ne suka mai da shi koka. Kada mai karatu ya ruɗe: ba shi da dangantaka da kukarmu ta miya, ko da kokawa ta mai neman agaji, kamar sauti ce kawai. Haka kuma ba shi ne koko na ƙasar Gana da ake yin cakulan da shi ba. Wannan itace daban ne, sunansa ma daga harsunan yankin Meziko ya fito.

Dutsen azurfa da 'yan'uwanmu na Tocaña

Da Turawan Sifen suka zo, malaman cocinsu sun ƙi jinin ganyen. A tarurrukan da suka yi a birnin Lima cikin shekarun 1550 da 1560 sun nemi a hana shi, suna cewa kayan tsafi ne, ƙarfin da ake cewa yana bayarwa kuma ruɗin shaiɗan ne. Ashe an jingina abin ga Iblis tun ƙarni huɗu kafin Bahaushe ya yi.

Abin da ya hana hanin tasiri shi ne kuɗi. A shekara ta 1545 aka gano azurfa a wani dutse da ke Potosí, a kudancin Bolibiya ta yau, a tudun da ya kai mita 4,000. Aka riƙa tilasta wa 'yan ƙasa shiga ramuka bi da bi, cikin sanyi da duhu da ƙura, aka kuwa lura ba sa iya jure aikin sai da ganye a kunci. Nan da nan koka ta zama babbar haja. Turawa suka buɗe manyan gonaki a Yungas, hukuma ta sa haraji, cocin da ya la'anci ganyen shi ma ya riƙa karɓar ushirinsa. Har yau masu haƙa a Potosí ba sa shiga rami sai sun zauna a bakinsa sun cika kunci.

A cikin wannan tarihi akwai rabonmu. An kawo bayi daga Afirka zuwa Potosí, wasunsu suka yi aiki a gidan buga kuɗi na garin. Daga baya aka riƙa kai su gonakin Yungas, inda yanayi ya fi kusa da na gida. Jikokinsu suna nan har gobe a ƙauyuka irin su Tocaña da Mururata da Chicaloma. In ka isa Tocaña, hayin Coroico, za ka ga mace baƙa wuluk kamar 'yar unguwarku, amma sanye da faffaɗan siket da 'yar malafa irin ta matan Aimara, tana cirar koka. Ko bayan an soke bauta sun ci gaba da yi wa masu gonaki aikin dole, sai da aka yi gyaran dokar filaye a shekara ta 1953 suka samu gonakin kansu. Ƙidayar 2012 ta nuna sun kai wajen mutum 23,000 a ƙasar. Suna da kiɗan ganguna da ake kira saya, har da sarkinsu na gargajiya a Mururata, Julio Pinedo, wanda aka naɗa a 1992, hukumar jihar La Paz kuma ta amince da sarautarsa a 2007.

Inda aka yi wa sunan wutsiya

Daga nan linzamin ya ja mu zuwa Jamus. A ƙarni na 19 masanan haɗa magunguna na Turai sun duƙufa wajen tatso ainihin abin da ke ba kowane tsiro ƙarfinsa. Duk wanda suka samu sai su ɗauki wani suna su liƙa masa wutsiyar "in". Haka aka samu morfin daga tsiron da ake yin ofiyom da shi, da nikotin daga taba, da kafeyin daga gahawa, wanda shi ne kuma ke cikin goro yana hana mu barci. Kwinin ma, maganin zazzaɓin cizon sauro da kakanninmu suka sha ɗacinsa, daga ɓawon wani itace na waɗannan duwatsun na Andes aka tatso shi a shekara ta 1820.

Wani jirgin ruwan ƙasar Ostiriya mai suna Novara, wanda ya zaga duniya daga 1857 zuwa 1859, shi ya zama sanadin kai ganyen koka mai yawa Turai. Aka miƙa shi ga shehun malami Friedrich Wöhler na jami'ar Göttingen, shi kuma ya ba ɗalibinsa Albert Niemann. A shekara ta 1860 Niemann ya bayyana cewa ya tatso wani farin abu mai ɗaci wanda in ya taɓa harshe sai harshen ya mutu na ɗan lokaci. Ya bi al'adar zamaninsa, ya ɗauki koka ya liƙa mata "in". Abin da Jamusawa ke rubutawa Kokain ke nan, Faransawa cocaïne, Ingilishi cocaine, mu kuma muka ce koken. Ma'anar kalmar dai ba ta wuce "abin da aka tatso daga koka" ba. Shi Niemann bai ga abin da ya biyo baya ba, domin ya rasu a 1861 yana da shekara 26.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu lura. A cikin ganye, wannan abu bai cika kashi 1 cikin 100 ba, kuma mai dunƙule a kunci a hankali yake tsotsarsa. Kafin a samu kilo guda na hoda sai an tara ɗaruruwan kilo na ganye. Mai shaƙar hoda kuwa, abin da ke cikin tulin ganye ne yake aikawa ƙwaƙwalwarsa cikin 'yan mintoci. Bambancin kamar na mai jin ɗumi a bakin murhu ne da wanda ya faɗa cikin wutar.

Da farko an ɗauka an samu maganin komai. A shekara ta 1884 wani matashin likita a birnin Biyana, Karl Koller, ya gano cewa in an ɗiga ruwan koken a ido sai a yi wa mutum aiki yana farke bai ji zafi ba. Wannan babban ci gaba ne, daga nan aka soma kashe zafin wuri guda ba tare da an sa majiyyaci barci ba. Amma a wannan shekarar kuma abokinsa Sigmund Freud ya yi rubutu yana yabon hodar, har ya ba wani abokinsa ita don ya rabu da morfin, sai mutumin ya kamu da biyun. Shahararren likitan fiɗa na Amurka William Halsted ya gwada ta a jikinsa, shi ma ta kama shi. Ganin haka masana suka shiga neman abin da zai kashe zafi ba tare da ya kama mutum ba. A 1905 aka fito da nobokain, daga baya lidokain. Dubi wutsiyarsu: an yanko "kain" daga kokain ne aka liƙa musu, alhali babu ko ɗigon koka a cikinsu. Saboda haka allurar da likitan haƙori ke yi maka kafin ya cire haƙori, sunanta jikan wancan ganye na Yungas ne. Ita koken kanta har yau akwai ƙasashen da likitoci ke amfani da ita a aikin hanci da maƙogwaro, ƙarƙashin tsauraran dokoki.

Akwai kuma wani wuri da sunan ya shiga wanda kowa ya sani. A shekara ta 1886, a birnin Atlanta na Amurka, wani mai haɗa magani, John Pemberton, ya yi wani abin sha ya ba shi sunan abubuwa biyu da ya sa a ciki: koka ta Andes, da kola, watau sunan da Turawa ke kiran goronmu, wanda fatake suka daɗe suna ɗaukowa daga Gwanja. Coca-Cola ke nan. A cikin sunan kwalbar da ke kan teburin mai shago, goron Bahaushe da goron mutumin Andes ne suke zaune kafaɗa da kafaɗa. An cire koken daga cikin lemon tun wajen 1903.

Ganye a gaban shari'a

Da illar hodar ta bayyana, ƙasashe suka soma hana ta. Yarjejeniyar birnin Hague ta 1912 ta ambace ta, Amurka ta yi dokarta a 1914. Sai kuma a 1961 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ta sa ganyen kansa a jeri guda da hodar, ta kuma ce a kawar da al'adar cin sa cikin shekara 25. Mai karatu ya ƙaddara a ce wata majalisa ta zauna a wata nahiya ta ba mu wa'adi mu daina cin goro.

Wa'adin ya cika ba a daina ba, sai ma wata sabuwar fitina da ta kunno. Daga shekarun 1970 kasuwar hoda ta buɗe a Amurka, kuɗi suka malalo. A 1980 Janar Luis García Meza ya yi juyin mulki a Bolibiya da goyon bayan masu fataucin hodar, har aka yi wa juyin laƙabi da sunanta, daga baya kotu ta ɗaure shi shekara 30. A tsakiyar shekarun 1980 kuma aka rufe ma'adinan kuza, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, da yawa suka gangara wani yanki mai zafi da ake kira Chapare suka kama noman koka. Dokar 1988 ta halatta hekta 12,000 kawai, galibi a Yungas, aka tura soja su tumɓuke sauran, aka yi ta arangama har da asarar rayuka.

Daga cikin manoman Chapare ne Evo Morales ya fito, ya shugabanci ƙasar daga 2006 zuwa 2019. Taken mutanensa shi ne koka ba koken ba ce. A 2009 ya ɗaga ganye a gaban taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Biyana ya sa a baki, kuma tsarin mulkin da aka yi a wannan shekarar ya kira koka gadon al'umma. Bolibiya ta fice daga yarjejeniyar 1961, ta komo a 2013 bisa sharaɗin cin ganye halal ne a cikin iyakarta. Dokar 2017 ta ɗaga filin da aka halatta zuwa hekta 22,000.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba duk ganyen ke ƙarewa a kunci ba. Ƙiyasin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna a 2023 an noma wajen hekta 31,000 a Bolibiya, fiye da abin da doka ta yarda, kuma yawancin ganyen Chapare ba ya bi ta kasuwar hukuma. A Peru an haura hekta 90,000, a Kolambiya kuwa, inda galibi don hoda ake noman, an kai hekta 253,000. A wannan shekarar hodar da aka yi a duniya ta wuce tan 3,700, masu shan ta kuma wajen mutum miliyan 25. Can cikin kurmi ake sarrafa ta da fetur da asid da sauran guba, a zubar da dagwalon cikin rafi. Manomi kuwa abin da ke isa hannunsa ɗan kaɗan ne, ribar tana wurin masu fatauci.

Yadda ta iso ƙofar gidanmu

Daga gaɓar Brazil zuwa gaɓar Afirka ta Yamma nan ne tekun ya fi ƙunci. Tun tsakiyar shekarun 2000 masu fataucin suka mai da yankinmu zango a kan hanyarsu ta zuwa Turai, suka fara da ƙasashe irin su Gini Bisau. A watan Nuwamba na 2009 aka tsinci ƙonannen jirgin sama ƙirar Boeing a hamadar arewacin Mali, a yankin Gao, wanda aka yi imani hoda ya kawo. A watan Janairu na 2022 jami'an Nijar suka kama kilo 214 a yankin Agadas, cikin motar hukuma ta wani magajin gari. Wancan ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce abin da ake kamawa a ƙasashen Sahel tsakanin 2015 da 2020 bai wuce kilo 13 a shekara ba bisa matsakaici, amma a 2022 ya kai kilo 1,466. Hanyoyin da ayarin gishiri da goro suka bi jiya, su ake bi da wannan kaya yau.

Kuma duk inda aka wuce da tulu, sai ƙasa ta jiƙe. Wani lokaci da hodar ake biyan masu rakiya, su kuma su nemi masu saye a cikin gari. Daɗinta bai wuce na rabin sa'a ba, sai ƙunci ya biyo baya, mutum ya nemi ƙari, har dukiya da mutunci su tafi. Tana tsuke jijiyoyin jini, tana sa zuciya gudu, tana iya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko ga saurayi mai ƙarfi. Akwai kuma samarin da ake ruɗa da kuɗin jirgi su haɗiyi ƙulli-ƙulli, in ɗaya ya fashe a ciki sai gawa, in kuwa an kama su sai kurkukun ƙasar da ba su da kowa.

Matar nan ta Tocaña da ke cirar ganye ba ta san Agadas ba, yaronmu da aka ba ƙunshi ya kai gaba shi ma bai san Yungas ba, amma su biyun ne ke ɗauke da wahalar, mai riba yana can inuwa. Don haka iyaye da malamai, in yaro ya tambaye mu mene ne koken, mu ba shi labarin tun daga tushe: ganye ne na mutane masu al'ada kamar tamu, aka tatse shi aka mai da shi guba, aka bar masu shi da ɓacin suna. Wanda ya san asalin abu ya fi wuyar ruɗuwa da shi. Mu kuma sa ido a kan saƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da kuɗin da ba a san inda suka fito ba. Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin.